Wa Ya Turo?

Zuwa ga Yaya, babban ginshiƙin gidanmu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabin da ya dace da matsayinki, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ni ma lafiya, idan an cire gajiya.

Ina mai baƙin cikin sanar da ke cewa Umma ta ajiye maganinta na hawan jini. Kawu direba ne ya jefo wani linki a guruf ɗin iyali, wai wani shahararren likita ya gano cewa ƙwayoyin suna cinye ƙoda. Na buɗe shi da cikakkiyar natsuwa irin ta mai bincike. Likitan ba shi da suna, asibitin ba shi da gari, a ƙasan shafin kuwa ana tallar garin magani a kwalba.

Na gabatar wa Umma wannan rahoto a tsakar gida tana yanke farce. Ta nuna mini rubutun da ke saman saƙon, mai cewa an tura shi sau da yawa, ta ce dubban shaidu ke nan. Na kawo mata shafin hukumar lafiya. Abin da ta tambaya kawai shi ne wa ya turo. Da na amsa cewa ni ne, ta tuna mini ita ta yi mini wanka ina jariri.

Ƙafafunta sun fara kumbura, Yaya. Da safe ta dafa bango kafin ta kai banɗaki. Wannan ba ya cikin barkwancina.

Ga linkin hukumar na aiko miki. Ki tura mata daga wayarki, kada ki ambace ni.

Ƙaninki mai ilimin da ba a saya,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da jinjina, tare da fatan zazzaɓin ƙaramar ɗiyarki ya sauka.

Albishir: saƙonki ya iso da hantsi, kafin azahar Umma ta haɗiyi ƙwayarta. Kumburin yana sacewa. Har ta kira ni ta yi mini nasiha cewa in riƙa koyi da masu bincike irinki.

Sai dai amana ta tilasta in faɗa miki abin da na gani da na karɓi wayar zan sa mata caji. Ba ta buɗe linkin ba. Datarta ta ƙare tun kafin ta latsa. Sunanki ta gani da layin da kika rubuta, ta miƙa hannu ga kwalbar maganinta na hawan jini.

Na zauna bakin gado ina lissafin kaina: ban san ko nasara na yi ba. Hujjar tana nan inda na bar ta, ba wanda ya taɓa ta.

Don haka ina roƙonki da babbar murya: kada ki sauya lamba, kada ku ɓata da Umma, kuma kada ki tura komai sai kin karanta har ƙasa. Jinin Umma yanzu da sunanki yake sauka.

Naki a gajiye,
Auta