Injin Auta da ba ya shan mai

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta zo shago da aikinta na kammala jami'a. Wai inji ne. Shekara talatin da huɗu ina naɗa koyil, wato wayar da ke cikin fanka da injuna, ban taɓa ganin inji ba koyil ba maganaɗisu ba. Bai kai farcen babban yatsana ba. Na yi dariya, na ce ko maɓallin riga ta tsinto.

Ta jona wuta. Ɗan ƙarfen da ke jikinsa ya kama tafiya, ba ƙara, ba girgiza. Ikon Allah! Ta ce ɗan tangaran ne a ciki, in wuta ta taɓa shi sai ya yi rawa sau dubu arba'in a daƙiƙa, rawar ce ke tura ƙarfen. Da shi ake matsa gilashin jini a ƙarƙashin madubin likita. Litinin mai zuwa za ta gwada gaban malamanta. In bai yi ba, sai baɗi.

Talata, 4 ga Maris

Na kasa aiki. Fanka uku na jirana, ni kuwa ina leƙen abin nan.

Laraba, 5 ga Maris

Matsalarta, in ya ɗumama sai tafiyarsa ta ragu. Ta haɗa wani ɗan allo mai wayoyi da zai riƙa sauya bugun wutar yana bin zafin. Da ta fita sayo waya na taɓa shi, na ji ɗumi, ƙarfen a bushe ƙayau. Haba, wane inji ne zai yi aiki a bushe? Na ɗiga masa mai. Ɗigo ɗaya tak.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya daina tafiya. Kwamfuta na cewa yana rawa, ƙarfe bai motsa ba. Auta ta kwance allonta sau uku. "Baba, ni ce ban iya ba," in ji ta. Mamanta ta ce ko abinci ba ta taɓa ba. Na ci gaba da harkata kamar ba ni ba. Kunya ta ishe ni.

Jumma'a, 7 ga Maris

Na faɗa mata ni na ɗiga masa mai. Ta dube ni ta ce: "Baba, da gugar ƙarfen yake tafiya. Kun sa masa santsi." Ba ta ɗaga murya ba, wallahi gara ta ɗaga.

Auduga da sifirit, tun hantsi har la'asar. Ita ke gogewa, ni ke riƙe fitila. Can sai ya motsa. Ta bar shi ya ɗumama, na ga lambobi na sauka da kansu a kwamfuta, tafiyar ba ta canja ba ko kaɗan. Ta aza gashin kanta guda ɗaya a madubi, ta sa injin ya ƙetare kaurinsa a taku ɗari. Na ƙirga har sittin, idona ya kawo ruwa. Yarinyar da na koya wa riƙon filaya!

Litinin, 10 ga Maris

Ta ci. Alhamdulillahi.

Laraba, 12 ga Maris

Mai hoto na bakin titi ya kawo kyamara, gilashinta ya daina juyawa. Na buɗe, na ga zobe ba koyil, irin injin Auta ne. Na mayar da murfi. Ya ce yaushe zai dawo, na ce sai injiniya ta duba. Ya ce wace injiniya kuma? Na ce 'yata.