Mun Ajiye Kaki, Muƙami Ya Ƙi Sakin Mu

Malama, don Allah ki agaza min da shawara. Na gaji, irin gajiyar da ko a fagen daga ban yi ba.

Ni tsohon soja ne, da muƙamin saje na bar aiki, yanzu walda nake yi. Bara aka kashe wani yaro a bayan shagona, a faɗan samarin layinmu da na tsallaken titi. Ni na lulluɓe shi da rigata. Mu tsofaffin sojoji da ke haɗuwa a bencin asibiti ranar ganin likita muka ce ba za mu zuba ido ba, tunda mun ga inda wannan hanya take ɓullewa. Haka muka kafa ƙungiyar zaman lafiya, ba ofis ba komai, sai cikin shagona. Kowa ya zo sai ya nemi bango ya jingina, ba mai yarda ya ba ƙofa baya, har matata ta ce kamar masu dakon ɓarawo.

Da farko abin gwanin sha'awa, samarin suna zuwa shagon suna saurarenmu. Akwai wani kofur a cikinmu, Guntu muke ce masa, a daji ya baro hannunsa na dama. Shi ba ya wa'azi. Zama yake cikin yaran, yana ɗaure takalminsa da hannu ɗaya da haƙori, yana tsokanar su wai su zo su koya tun da wuri, kafin su ma su rasa nasu hannun. Sai ki ga mai ji da kansa ya yi tsit.

To ni da kaina na jawo tsohon shugabana a soja, Manjo, don mu sami babba da za a ji maganarsa a ofisoshi. Mutumin kirki ne, shi ya goya ni ranar da harsashi ya same ni a cinya. Amma tun da ya shigo, zama ya koma na bariki. Kujera sai bisa muƙami, magana ma haka: shi ya fara, sai wani kyaftin da ya kawo, sai ni, Guntu can ƙarshe. Ba wanda ya tilasta mana, wallahi, jikinmu ne ya saba. Kafin manya su gama jawabi, yara sun sulale ɗaya bayan ɗaya. Guntu ya sha buɗe baki ga benci wayam. Yanzu ya daina zuwa, ya ce bai bar kaki don ya sake jiran izini ba.

Ga shi da ƙyar da siɗin goshi muka shawo kan ɓangarorin biyu su zauna tare mako mai zuwa, kuma na tsallaken titi sun ce in ba Guntu, ba su. In zaman nan ya rushe, ina tsoron sake lulluɓe wani. Na sha zuwa wurin Manjo da magana a bakina, ina ganinsa sai ƙafafuna su haɗe in ƙame, ba abin da ke fita sai "Yallaɓai". Barci ya ƙaurace min, aiki ya tsaya. In rufe shagon in huta, ko yaya zan yi?

Naka, Saje Mai Walda

Baba Saje, sannu da ƙoƙari. Ka gaji da gaskiya, amma kada ka rufe shagon nan yanzu.

Ban ga mugu a labarinka ba. Manjo tsoho ne da aka daina sara masa, sai ga inda ake bukatarsa, ya yi abin da ya iya. Guntu kuma yana da gaskiya: yaran nan ba tauraron kafaɗa suke gani ba, hannun da babu shi suke gani.

Tunda harshenka ya ƙi yi wa Manjo musu, kada ka yi masa musu. Kai masa rahoto, aikin saje ne wannan, kuma ka iya. Ka same shi a gida, ba a gaban jama'a ba, ka ƙame in ƙamewar ce ta zo, ka faɗa masa halin da ake ciki: yara na watsewa, mutum ɗaya suke saurare, kuma ya janye. Ka tuna masa cewa ko a daji, wanda ya san hanya ake sawa gaba, babba na baya yana lura. Ka bar shi ya ba da umarnin da bakinsa, cewa daga yau ƙarami ke fara magana, babba ya rufe da addu'a. Shiga ofisoshi da ganin iyayen yara kuwa ku bar masa, nan girmansa zai yi amfani.

Guntu kuma kada ka aika masa saƙo. Ka taka ka je, in da hali tare da Manjon. Mutumin da ya goya ka da rauni ba zai rasa ƙafar zuwa gidan kofur ba.

In Manjo ya ƙi, ka yi zaman da Guntu, ka ba shi haƙuri daga baya. Fushin Manjo zai huce, amma yaron da ka lulluɓe ba zai tashi ba.

Allah ya ba ku sa'a, ya ba ka barci mai daɗi, Baba.