Ni na hana ɗan ƙanwata tuwo, matarsa ake zagi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku fara jifa.

Duk unguwarmu Banikanni babu wanda ya kai ni sanin wasanni, a baki. Na sha faɗa a majalisa cewa da ƙuruciyata na yi tsere da jirgin ƙasa daga Parakou, na riga shi isa tasha ta gaba har na sha shayi. Ana dariya ina ƙara gishiri. Ashe akwai mai ɗauka da gaske, ɗan ƙanwata, magidanci, ɗan tseren gudu. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, za a zaɓi 'yan tsere a Djougou, ka tsara min abinci." In ce ban sani ba? Ni? Na ɗauki bik na rubuta masa a takarda: ba tuwo, ba sakwara, ba shinkafa, duk nauyi ne. Ƙwai da wagashi, wato cukun Fulani, da tsire kawai. Ruwa ma kurɓi ɗaya, kada ciki ya yi ƙugi. Matarsa ta ce, "Kawu, mai gudu safe da yamma, anya kuwa?" Na ce, "Bon, to, ke dai dafa, 'yata. Rabin ƙasar nan ni na horar da su."

Wata biyu yana ramewa ina cewa jiki ne ke sauƙi. Ranar tsere bai kai rabin hanya ba ya zube a bakin kasuwar Djougou, gaban danginmu. Aka zaɓi wasu. Ƙanwata ta kafe cewa matar ce ke barinsa da yunwa, ta sa aka mayar da ita gidansu a Guéma, yanzu maganar saki ake. Yarinyar ba ta ambaci sunana ba, shi ma kunyata ta rufe masa baki. Ni kuwa na zauna cikin taron dangi ina gyaɗa kai, har da cewa matan zamani sai haƙuri. Da bakina fa.

In na faɗa, ƙanwata ba za ta sake kallon fuskata ba. In na yi shiru, auren ya mutu. Me zan yi?

Takardar tana aljihuna. Likitan da ya duba yaron ranar da ya zube ne ya same ta a wandonsa, bai san rubutun wa ba ne, ya ja ni gefe don ni ne babba, ya miƙo min ya ce, "Alhaji, wanda ya rubuta wannan, ko akuya kada a ba shi kiwo."