Tsagar Kunnen Saniya

Agye, 9 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga maiɗakina Dija,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Gwaggo. Yaya ƙafar tata? Ni lafiyar jiki dai alhamdu lillahi.

Kin ce tun da na zama alƙali na koyi rowar magana. To ga labari. Fari ya cinye ƙasar nan, mushen shanu har bakin hanyar Cadawa, sai ga mutum biyu a gabana suna rigima kan saniya ɗaya, ƙashi da fata. Ɗanmaraya, wani manomi, ya ce a gidansa aka haife ta, ya kawo shaidu uku. Buba, makiyayi, ya ce tasa ce, a bakin rijiya ta ɓace masa, kuma ita kaɗai ta rage cikin shanunsa sittin. Ba shi da shaida ko ɗaya. Na je na duba ta inda jandarma suka ɗaure ta, na ga tsaga biyu a kunnen dama, na dawo buro, ofishina, na ɗage shari'ar. Kada ki tambaye ni dalili.

An ce sunana na cikin waɗanda za a ƙara wa girma zuwa Maraɗi. Ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Haruna Cindo

Agye, 23 ga Nuwamba 1984

Dija,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Kina lafiya?

Na sake ɗage shari'ar, saniyar kuwa kullum ƙara ramewa take. Shekara goma sha shida ina ɓoye miki abin da zan faɗa yanzu, kuma kunya ta ishe ni.

Ni ba ɗan Cindo na Tibiri ba ne. Lokacin da Nasara suka ce kowane mai gari ya ba da ɗa a kai lakol, makarantar boko, Cindo ya hana nasa, ya karɓo ni daga rugar da ke bayan gonarsa. Aka rubuta ni da sunan ɗansa Haruna. Da sunan nan na ci jarrabawa, na yi tafinta a kotu, na yi magatakarda, na hau kujerar nan. Da shi na aure ki.

Tsagar nan alamar gidanmu ce, da hannuna na sha riƙe wa mahaifina maraƙi yana yin ta. Buba yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya gane ni tun ranar farko, na gani a idonsa, amma ya durƙusa ya yi mini ranka ya daɗe kamar kowa.

In na bi shaidu, na ƙwace masa abin da ya rage masa a duniya. In na faɗi yadda na san gaskiya, takarduna duka sun zama na ƙarya, kuma doka ba ta yarda in yi wa ɗan'uwana shari'a ba. Ko ta ina na juya bango ne. Tsoro nake ji, Dija.

Mijinki,
Haruna

Agye, 1 ga Disamba 1984

Dija tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ban ga amsarki ba, ban kuma ga laifinki ba.

Shekaranjiya saniyar ta kwanta ta ƙi tashi. Jandarma huɗu suka yi ta ja, suna duka, a banza. Ina tsaye da rigar alƙalanci, ban san lokacin da bakina ya yi irin kiran da mahaifinmu ke yi wa garke ba. Ta ɗaga kai, ta yunƙura, ta tako har gabana tana shinshinar hannuna. Kwamandan jandarma ya dube ni. Ɗanmaraya ya dube ni. Buba ya rufe fuska da rawaninsa.

Ɗanmaraya ya gane kiran gidan su Buba ne saniyar ta amsa, ya janye da'awarsa a nan take. Buba ya kora abarsa ya nufi kudu, bai juyo ba, don kada asirina ya ƙara tonuwa.

Na rubuta wa manyana komai, da hannuna. Zancen Maraɗi ki cire shi a ranki, kujerar nan ma ban sani ba. An ce in zauna gida in jira, ga ni zaune. Abin da nake jira da gaske shi ne wasiƙarki, in ji da wane suna za ki kira ni.

Ki shafa mini kan yara.

Mijinki, in kin yarda,
Sajo ɗan Jaye