Ya Yi Wa Masu Zaɓe Alkawari Da 'Yata

Anti Barira, assalamu alaikum.

Kafin in faɗi damuwata, ina jan kunnen duk matar da ke karanta wannan fili. Ranar da kika ji wani ya kira mijinki Honorabul a waya, shi kuma ya amsa bai yi dariya ba, ki tashi tsaye tun a ranar. Ni na yi sakaci, ga shi yau ina neman agaji daga ƙasar mutane. Don Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana.

Muna zaune a Pantai Dalam, cikin Kuala Lumpur, a hawa na biyu na wani bene da ke jikin daji. Maigidana yana shekara ta huɗu a digirinsa na uku. 'Yarmu ɗaya, Walida, shekararta goma. Da aka sake sa dokar zaman gida saboda korona aka rufe jami'a, na ce alhamdulillahi, bawan Allah zai zauna ya gama rubutunsa mu koma. Ashe siyasa zaman zai haifo mana. Ƙanensa Kalilu ya dinga bugo waya daga gida, wai mazaɓarmu ba ta da mai ilimi a majalisar dokokin jiha, wai jama'a shi suke jira. Kafin wata guda, falona ya zama ofishin kamfe. Kullum bayan la'asar, lokacin da gari ya waye sosai a gida, sai ya sa babbar riga a kan gajeren wando ya zauna gaban kwamfuta yana wa mutane jawabi kai tsaye a Fesbuk.

Manufofinsa huɗu ne, na haddace su kamar karatun allo. Haraji: a ɗauke wa masu ƙosai da masu tura baro, kowa ya biya daidai ƙarfinsa. Yanayi: duniya na ɗumama, a daina sare itace, kowa ya rage wa kansa jin daɗi ya dasa bishiya. Tsaro: a ba kowane magidanci na gari lasisin bindiga ya kare iyalinsa. Makaranta: duk ɗan majalisa dole 'ya'yansa su yi makarantar gwamnati.

Anti, ni sakandare kawai na gama, amma a gidanmu an koya mana cewa mutum ba ya faɗin abin da ba ya yi. Mai maganar ɗumamar duniya, esi yana kunne a kansa har sai ya lulluɓa da bargo. Mai maganar bindiga, ranar da biri ya hauro barandarmu ya ɗauki burodi, banɗaki ya shige ya murɗa makulli, yana kirana daga ciki wai in kula kar ya ciji yarinya. Ni na kori birin da murfin tukunya.

Raina ya ƙi ɗauka. Sai na samu takarda na rubuta doka na manna a ƙofar firij: duk abin da za a yi wa jama'a alkawari, a fara gwada shi a gidan nan. Na zare wayar esi na bar masa fanka. Na sayo tukwanen barkono shida, shi ke ba su ruwa. Harajin gida na mai da shi wanke-wanke, kowa daidai ƙarfinsa, kuma duk gidan ba wanda ya kai shi ci. Bindiga kuwa, nan ƙasar ba a wasa da zancenta, sai na damƙa masa sandar mofar goge ɗaki na ce baranda ta zama mazaɓarsa. Gaskiya ya yi haƙuri. Sati biyu yana gumi yana wanke tukunya. Har ya fara ba mabiyansa labari yana alfahari, wai shi ɗan takara ne mai aikata abin da yake faɗa. Ni ma na ji daɗi, har na ba matan unguwa labari a zaurenmu na waya, na ce su yi koyi.

Ranar wata Talata yana tsakiyar maganar makaranta, mutum kusan ɗari huɗu suna kallo, sai Walida ta shigo da rigar makarantarsu ta kuɗi, ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ce masa da Turanci haɗe da Malayanci ya yi sauri lah, tana da darasi a kwamfutar. Ashe bai taɓa gaya wa mutanen nan iyalinsa na tare da shi ba. Nan take tambayoyi suka fara zubowa. Wani ya rubuta: Honorabul, wannan baturiyar a wace firamaren gwamnati take? Ina tsaye a bakin kicin na ga gumi ya karyo masa, ga ba esi. Sai kawai ya ɗaga yatsa ya rantse da Allah cewa zangon karatu mai zuwa Walida za ta koma ƙauye wurin mahaifiyarsa, ta shiga firamaren da ya yi.

Anti, firamaren nan ita ce wadda yake nuna hotonta a kamfe, ba rufi, malami ɗaya. Ƙauyen nan shi ne wanda yake cewa sai kowa ya riƙe bindiga a kwana lafiya. Yarinyar nan Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "na ƙoshi" ba. Kuma da wannan annoba, idan ta fita ƙasar nan, dawowarta sai yadda Allah ya yi.

Da ya kashe kwamfuta na faɗa masa duk abin da ke bakina. Ya kama hannuna ya kai ni gaban firij, ya nuna mini rubutuna.

Yanzu Kalilu ya buga fasta mai cewa ga ɗan takarar da ya ba da 'yarsa. Surukata ta kai ɗinkin kayan makaranta, ta bugo tana guɗa. Walida ta tambaye ni ko a ƙauye akwai mamak, irin shagon abincin nan ƙasar, da za ta sayi gurasarsu ta roti, da na ce babu ta shige ɗaki, tun daga ranar ba ta cin abincin kirki. Ga abin da ya fi damuna: na ɗauke fasfonta na tura cikin buhun shinkafa. Sau biyu yana tambayata, ina ce masa ya duba da kyau. Ni da nake wa mutane wa'azin gaskiya! In yage dokar, ya ce ni ma mai baki biyu ce. In bar ta, in rasa 'yata. Yaya zan yi?

Maman Walida, Pantai Dalam.

*

Wa'alaikumus salam, Maman Walida.

Fara da ciro fasfon nan daga shinkafa kafin wata rana ki auna shi a tukunya. Ki ajiye shi a gabansa ki ce ke kika ɓoye, tsoro ne ya sa ki. Ba za ki iya neman ya faɗa wa mutum ɗari huɗu gaskiya ba alhali kina ɓoye wa mutum ɗaya.

Zan faɗa miki naki laifin. Dokarki tana da kyau, amma kin kafa ta ne don ki kunyata shi, har kika kai labarin zauren mata. Namijin da ya yi sati biyu yana wanke tukunya a zafin Malesiya bai fasa ba, akwai gaskiya a ransa. Manufofinsa ma ba na banza ba ne. Ni dai zancen raba bindiga bai kwanta mini ba, amma wannan masu zaɓe za su yanke.

Nasa laifin ya fi girma. Fanka da wanke-wanke a jikinsa suka sauka, yana da ikon ɗauka. Wannan karon kunya ta kama shi, sai ya miƙa yarinya ta biya masa. Walida ba ta tsaya takara ba. Makarantar ƙauyen kuma ba za ta yi rufi don an ƙara mata ɗaliba ɗaya mai kuka ba.

Ki zauna da shi a lokacin da ya ƙoshi, ba a gaban firij ba. Ki nuna masa kina bayan takararsa. Rantsuwar da aka yi a firgice tana da kaffara, ya tambayi malami yadda zai fita. Sannan ya koma gaban mutanen nan da bakinsa, ba ta bakin Kalilu ba, ya ce iyalinsa na tare da shi, kuma ya yi rantsuwa a kan abin da bai kamata ba. Ya musanya ta da abin da zai yi da guminsa: ya haɗa 'yan garinsu da ke waje su rufa aji ɗaya kafin ya nemi ƙuri'ar kowa. Wasu za su yi masa dariya kwana biyu. Wanda ya ga kwano a kan aji zai daina.

Surukarki ki kira ta da kanki, cikin ladabi. Jikarta take kewa, ba siyasa ba. Ki sa Walida ta riƙa gaishe ta kullum, Hausar ma ta zauna a bakinta, wannan kuwa aikinki ne da kika bari. Kayan makarantar a ba wata yarinya a ƙauyen. In ya gama karatunsa kun koma tare, sai ku zauna ku uku ku zaɓi makaranta. Kuma ki mayar masa da esi ko na awa biyu ne, rubutun digiri na jiransa.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya raya Walida, Ya yaye mana wannan annoba.

Anti Barira.

Ƙarin bayani: na tura wa Maman Walida wannan amsa kafin a buga, saboda na ga abin na gaggawa ne. Bayan kwana tara ta aiko mini da hoton ƙofar firij. Ta ce ya yi jawabin, ya ciyar da miskinai goma ta hannun Kalilu, Walida ta cinye roti biyu. Esi dai ba ta mayar ba. Tsohuwar dokar na nan, ta ƙara layi a ƙasa da jan biro: "Mai alkawari ya yi da jikinsa. Ba a yi da 'yata."