Kyandir don Marowacin Ubangida

Ƙanwata Tsvetana,

Gaisuwa daga Amurka. Ya ƙafar Mama, ya shirin bikin auren 'yarki Radka? Albishirinki, zan zo!

Majalisar jiha ta hana birninmu tilasta wa 'yan kwangila biyan albashin da zai riƙe mutum. Na ɗauka za a rage mana albashi, tafiyata ta rushe. Ashe ban da tsofaffin kwangiloli, tamu ta sharar filin jirgi kuwa sai baɗi za ta ƙare. Abokin aikina Wilner ya rungume ni: "Farfesan tsintsiya, ka sha!"

Lafiya nake, bayana ne kawai ke ciwo. Ni tsohon malamin lissafi, dubi abin da nake wa murna.

Ki ce wa Mama ta kunna wa ɗan kwangilarmu, marowacin ubangidan nan namu, kyandir a coci. A da tsine masa nake, yanzu Allah ya bar masa kwangilarsa.

Yayanki,
Lyuben