Gashin Zabo a Ƙugiya

Zuwa ga Safiyyatu, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Doha, ruwan randata bayan doguwar tafiya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, labari ya iso gare ni cewa Gwaggo Maimunat ta buɗe 'yar kyautar da na aiko miki unguwar Bin Omran, ta ga ƙugiya ɗaure da gashin zabo da jan zare, ta yi salati, ta ce asiri na ƙulla don in mallake ki. An ce ta hana ki ɗaga wayata, maganar tura magabatana gidanku kuma ta tsaya cak. Da farko dariya na yi, daga baya na ga abin ba na dariya ba ne. Ban ga laifinta ba. Ni ma da a ƙofar ɗakinmu na Yauri na tsinci irinsa, da sanda zan ɗauke shi.

Ƙwaron ƙarya ne na kamun kifi, abar ƙaunata. Wani abokin karatuna ya koya mini ɗaurinsa. Ana damƙe ƙugiya, a naɗa mata zare a hankali, a kwantar da gashi mai laushi ya kalli baya. Akwai wanda ake yi don ya yi yawo a saman ruwa. Nawa mai nutsewa ne, sai ya jiƙe gashinsa ke motsi kamar mai rai. Kin tuna yammacin Juma'ar da muka tsaya bakin teku a Wakra, takalminki a hannu, kina tsokanata wai jikan masunta ya zo ƙasar Larabawa yana yaudarar kifi da gashin tsuntsu? Tun ranar nake ɗaura wannan ina kwancewa, har sai da na samo zare launin mayafinki.

Ina ni ina boka? Da ina da asirin mallaka, muryata za ta riƙa rawa duk sanda kika ɗago ido? Ina kewarki, Safiyya, har abinci ya daina yi mini daɗi. Abin da ya fi tsorata ni kuwa shi ne ki yarda da ita ko da rabin zuciya, ki fara zargin son da kike mini ba naki ba ne.

Ga roƙona. Ki ɗauko ƙugiyar a gaban Gwaggo, ki shafa bakinta a hankali. Za ki ji babu ƙayar nan mai hana kifi kuɓuta. Na danne ta da filaya, kamar yadda nake yi wa kowace, don wanda ya so tafiya ya tafi ba rauni. Haka na riƙe ki. In kin zauna, da son ranki ne. In kin tafi, babu abin da zai fizgo ki, ni ne dai ba zan iya barin bakin ruwan ba.

Naki, muddin ina numfashi,
Musbahu